Robert Hooke: Masanin da ya raɗa wa ƙwayar halitta suna

An haifi Robert Hooke a shekarar 1635 a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu. Ya yi karatu a Oxford, inda ya zama mataimakin masani Robert Boyle.

A shekarar 1665 ne ya wallafa littafinsa Micrographia. A ciki ya bayyana yadda ya yanko ɓawon wata bishiya siriri, ya duba shi da madubi mai ƙara girman abu, sai ya ga ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. Ya kira su da wata kalma mai asali daga Latin, wadda ke nufin ɗan ɗaki.

Bangon matattun ƙwayoyi ne kawai ya gani. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina tsirrai da dabbobi.

Hooke ya yi doguwar jayayya da Isaac Newton kan nazarin haske. Ya rasu a London a 1703, kuma babu wani tabbataccen hotonsa da ya saura.