David Sarnoff, mutumin da ya mai da iska hajar kasuwa

Tun ina yaro nake ganin rediyo rataye a kafaɗar makiyayi ko a kan teburin mai shayi, amma ban taɓa tambayar kaina ko wane ne ya fara gano cewa ana iya cin abinci da maganar da ke yawo a iska ba, sai da tashoshi masu zaman kansu suka cika biranenmu bayan dokar 1992 da ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Da na bi sawun lamarin, sai ya kai ni Amurka, ga wani Bayahude mai suna David Sarnoff, wanda har yanzu na kasa yanke hukunci ko yabo ya fi cancanta ko zargi.

An haife shi a 1891 a wani ƙauye kusa da Minsk, a ƙarƙashin daular Rasha, aka kawo shi birnin New York a 1900. Da ciwo ya kwantar da mahaifinsa, sai ya shiga tallar jarida don ciyar da gida. A 1906 ya sami aikin masinja a kamfanin Marconi, inda ya koya wa kansa buga tangarahon iska. Daga baya ya riƙa ba da labarin cewa shi ne ya yi kwana uku bai runtsa ba yana karɓar sunayen waɗanda suka tsira daga jirgin ruwan Titanic a 1912. Masu binciken tarihi sun gano cewa ya ƙara wa miyar gishiri sosai, kuma a ganina wannan ma wani ɓangare ne na baiwarsa: ya san abin da kunne ke so.

A lokacin da manyansa ke kallon rediyo a matsayin hanyar aika saƙo daga mutum ɗaya zuwa wani, shi kuwa ya ba su shawarar a ƙera ƙaramin akwati da za a ajiye a kowane gida ana jin kiɗa da labarai. Ba su kula shi ba sai bayan an kafa kamfanin RCA a 1919. A watan Yuli na 1921 ya taimaka aka watsa damben Jack Dempsey da Georges Carpentier kai tsaye, jama'a suka ji da kunnensu, cinikin akwatuna ya buɗe.

Abin mamaki shi ne, da farko Sarnoff bai so talla a rediyo ba. Ya so a ɗauki nauyin shirye-shirye daga ribar sayar da akwatuna, kamar wata hidima ga jama'a. Kamfanin tarho na AT&T ne ya fara sayar da lokaci a tasharsa ta WEAF a 1922. To sai dai da RCA ya sayi tashar kan dala miliyan ɗaya ya kafa NBC a 1926, sai Sarnoff ya rungumi abin da ya ƙi. Aka haɗa tashoshi masu yawa ta wayar tarho, shiri ɗaya na fita daga New York ya game ƙasa, mai talla kuma ya biya gwargwadon yawan masu saurare. Wato dai mai saurare ba ya biyan ko kwabo, domin shi kansa ne hajar da ake sayarwa. A kan wannan tubali aka gina manyan kamfanonin rediyo na bayansa, har da iHeartMedia, wanda ya tara ɗaruruwan tashoshi, bashin kusan dala biliyan 20 ya kai shi kotun fatara a 2018.

Inda nake da ja da Sarnoff shi ne abin da ya shiga tsakaninsa da Edwin Armstrong. Aminai ne na ƙut da ƙut, har ma Armstrong sakatariyar Sarnoff ya aura. A 1933 Armstrong ya yi rajistar fasahar FM, wadda ta kawar da ƙarar shuu da ke damun zangon AM, kuma RCA ya ba shi wuri a saman benen Empire State ya yi gwaji. Gwajin ya yi kyau fiye da zato, kuma nan ne matsalar take, domin dukiyar NBC duk a kan AM take, hankalin Sarnoff kuma ya koma kan talabijin. A 1935 aka ce Armstrong ya kwashe kayansa. A 1945 hukumar sadarwa ta Amurka ta ɗauke FM daga zangonsa na farko ta kai shi wani, dubban ɗaruruwan akwatunan da aka riga aka sayar suka zama kwangiri. Armstrong ya kai ƙara a 1948 kan cewa ana amfani da fasaharsa ba a biyansa. Lauyoyi suka yi ta jan shari'ar har dukiyarsa ta ƙare, kuma a farkon 1954 ya faɗo daga hawa na goma sha uku na gidansa da gangan. Kafin shekarar ta fita RCA ya sasanta da matarsa a kan kimanin dala miliyan ɗaya.

Masu kare Sarnoff na cewa haƙƙin masu hannun jari ya tsare, kuma ban musa cewa shi ya kawo talabijin gaban jama'a a baje kolin New York na 1939 ba, ko cewa ya yi wa Janar Eisenhower aikin sadarwa a yaƙin duniya na biyu, inda ya sami muƙamin birgediya. Amma ni ban ga yadda wannan zai wanke mutumin da ya taɓa shan wahalar shawo kan manya su karɓi sabon abu, sannan da ya zama babba ya danne na wani ba.

Ya rasu a watan Disamba na 1971. Kafin shekaru goma su cika, masu sauraren FM a Amurka sun zarce na AM, a 1986 kuma General Electric ya haɗiye RCA. Lambobin nan na 88 zuwa 108 da ke jikin rediyon mai shayin unguwarmu, su ne zangon da aka tura Armstrong a 1945.