Alhaji Abubakar Imam: Gwanin Da Ya Mayar Da Aro Kayan Gida

Gabatarwa

A unguwarmu Moduganari da ke Maiduguri, Barbarci na tashi ina ji a gida. Hausa kuwa a titi da kasuwa na tsince ta. Da na shiga sashen Hausa, sai na riƙa jin nauyin rubutu, ina ganin harshen aro ne a bakina. Tarihin marigayi Alhaji Abubakar Imam ne ya cire mini wannan tsoro, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi ga 'yan uwana ɗalibai.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara, wadda ke Jihar Neja a yau, a shekarar 1911. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali. Abin da ya fara jan hankalina shi ne, kakanninsa daga ƙasar Barno suka fito. Ya yi karatun addini a gida, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Rubuce-Rubucensa

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Daga wannan gasa aka samu Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

A 1936 aka kira shi Zariya don ya rubuta wa makarantu littafin karatu. An tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku. A nan gwanintarsa ta fito fili. Yakan ɗauko ƙashin labari daga waje, ya sa masa sunayen Hausa, ya zaunar da shi a fada ko kasuwa, ya ƙawata shi da karin magana da raha. Ko akun da ke ba da labaran, asalinsa daga adabin Indiya yake, amma wa zai karanta ya ce baƙo ne?

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya kuma shafe fiye da shekara goma yana wannan aiki. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, abin da ya gani ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga siyasa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

Darasi Gare Mu

Tun da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, ake zargin wasu marubuta da kwaikwayon finafinan Indiya, kuma zargin ya biyo masu sakin labarai ta waya a yau. A ganina, laifin ba a aron yake ba, domin Imam ma ya ara. Bambancin shi ne bai saki labari ba sai da ya narke a tukunyar Hausa. Wanda ya sauya sunan jarumi kawai ya bar al'adar baƙi yadda take, bai gama aikinsa ba.

Kammalawa

Ni da ire-irena da muka koyi Hausa a waje, wannan ya ishe mu ƙarfin gwiwa. Yanzu kullum nakan karanta shafi biyu na Magana Jari Ce da babbar murya, in rubuta duk salon maganar da ban sani ba, in tambayi abokan karatuna. Har yanzu nakan rikita namiji da mace a jimla, su yi dariya su gyara mini, amma na daina ɓoye abin da na rubuta. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.