Likita Mila na Wusasa

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda muka yi ɗakin kwana ɗaya da shi a Gusau zai tuna tsohon Littafi Mai Tsarkin nan mai yagaggen bango da nake ɓoyewa a akwatina, har kuna yi mini dariya. Na kakata ne, daga Tsafe na zo da shi. Sai da na girma na san wanda ya sha wahalar juya shi zuwa Hausa.

Sunansa Walter Miller, mutanen Zazzau suna ce masa Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872. Ya karanci likitanci, sa'an nan ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin mahajjata da fatake. A 1900 suka iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya ce su tattara su koma inda suka fito. A 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, yana magani, yana koyar da yara boko. Mutum ne mai kaifin harshe, bai bar sarakuna ba, bai bar Turawan mulki ba, kuma a ganina wani lokaci yakan wuce gona da iri.

Shekaru yana wa'azi, waɗanda suka karɓa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 waɗansu mutane suka zo wurinsa da ƙafarsu, ba shi ya neme su ba. Isawa ne, zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa. Tun Mila bai zo duniya ba aka shuka wannan iri. Mu Kirista wannan muke kira alheri: Allah ya riga mai wa'azi isa zuciyar mutum, don ƙaunarsa kawai.

Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya shiga ya kashe da yawa, garin ya watse. A 1929 aikin mishan ya koma Wusasa, a 1932 Littafin ya fito da Hausa. Mila ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Littafin kakata yana nan wurina, na kai an ɗinke bangon.