Muhammadu al-Kashinawi da Hikimar Rarraba Ilmi Reshe-Reshe

Shaihu Muhammadu ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi na daga cikin malaman ƙasar Hausa ƙalilan da marubutan tarihin Masar suka keɓe wa gurbi a littattafansu. Bafulatani ne mutumin ƙasar Katsina, ana kuma danganta shi da garin Ɗan Ranko. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga Aja'ibul Asar na Abdurrahman al-Jabarti, wanda a gidan mahaifinsa malamin ya cika. An fi ambatonsa da lissafin hatimi, amma duba yadda ya yi karatu da yadda ya tsara littattafansa zai nuna wata hikimar, wato raba abu gida-gida, kowane gida ya sake rabuwa. Irin wannan tsari shi masana kimiyyar kwamfuta ke kira bishiya a yau.

A gida ya fara karatu. Ya lazimci Malam Muhammadu Fodiyo kimanin shekara 4 yana ɗaukar nahawu da sarfu, ya kuma yi karatu wurin Muhammadu al-Wali ɗan Sulaiman, malamin Bagarmi. A hannun Malam Muhammadu Bindu ya sami lissafi da ilmin haruffa da hatimi da sanin lokuta da manɗiƙi. Daga nan ya ɗauki hanyar Gabas, inda ya yada zango na wata 5 wurin wani malami yana karanta ilmin ramli, wanda Hausawa ke kira bugun ƙasa. Ya sauke farali a shekarar 1142 ta Hijira, wajen 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci.

A Makka ya soma rubuta Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, ya kammala shi a Alƙahira cikin Rajab na 1146. Ya gina shi kan gabatarwa da manufofi 5 da rufewa, kowace manufa ya raba ta babi-babi. Haka ya yi wa Bahjatul Afaƙ, littafinsa kan haruffa da hatimi, inda babi ke rabuwa zuwa fasali, fasali zuwa mas'aloli. Wanda ya zana wannan tsari a takarda zai ga tushe guda, da rassa, da ƙananan rassa, har zuwa ganye, kuma hanya ɗaya tak ke kai mutum daga tushe zuwa kowane ganye. Wannan sharaɗi shi ne ma'anar bishiya a lissafi.

A fannin manɗiƙi ya yi waƙa mai suna Manhul Ƙuddus, ya kuma yi mata dogon sharhi. Ɗalibin wannan fanni kan fara ne da rabon jinsi: jauhari ko dai jiki ne ko ba jiki ba, jiki ko mai tsiro ne ko sandararre, mai tsiro ko mai ji ne ko maras ji, mai ji ko mai hankali ne ko maras shi. A kowace gaɓa tambaya ɗaya ce, amsa biyu. Idan kowace gaɓa ba ta wuce rassa biyu ba, to an sami abin da ake kira bishiya mai rassa bibbiyu.

Bugun ƙasa ya fi fito da siffar fili. Kowace alama layi 4 ce, kowane layi ɗigo ɗaya ne ko biyu, saboda haka alamomin 16 ne cif. Mai bugu yakan fitar da uwaye 4, ya ciro 'ya'ya 4 daga layukansu. Sai ya haɗa takwas ɗin bibbiyu su ba da 4, huɗun su ba da shaidu 2, shaidun su ba da alƙali. Wajen haɗawa, in jimlar ɗigon layi ta zo shafa'i sai a sa biyu, in ta zo wutiri a sa ɗaya. Gidaje 15 ke nan, kowane na sama yana tsaye kan biyu na ƙasa. Bugu da ƙari, jimlar ɗigon alƙali dole ta zama shafa'i, in ba haka ba an yi kuskure a hanya. Da irin wannan dabara kwamfuta ke gano ɓatan saƙo. Malaman jihadi sun yi tir da da'awar sanin gaibu ta wannan hanya, sai dai hukuncin da'awar daban, ingancin lissafin daban.

Malamin ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ya rasu a 1154, wajen 1741. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa, shi kuwa ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin.

Ba daidai ba ne a ce al-Kashinawi ya ƙago bishiyar kwamfuta. Arthur Cayley na Ingila ne ya shigar da kalmar cikin lissafi a 1857, sannan a 1962 Adelson-Velsky da Landis na Tarayyar Sobiyet suka nuna yadda bishiya za ta riƙa daidaita rassanta da kanta. Manufarsu saurin nema ce: a daidaitacciyar bishiya, kimanin tambaya 20 sun isa a gano suna ɗaya cikin miliyan, domin kowace tambaya na zubar da rabin abin da ya rage. Manufar malamin kuwa tsara ilmi da kiyaye shi.

Duk da haka, rayuwarsa na da amfani ga masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa. Tushe da reshe, uwa da 'ya, shafa'i da wutiri, duk sun daɗe suna aiki a zaurukan karatu da ma'anar da ta yi kusa da wadda ake nema yanzu. Kafin a aro kalma daga Ingilishi, ya kyautu a fara bincika abin da ɗaliban Katsina suka riga suka sani tun ƙarni na 18.