Gani Odutokun: mai zanen Zariya da ya zana sarakuna da gawayi

A watan Fabrairun 1995 wani haɗarin mota ya yi ajalin Gani Odutokun, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, yana kan hanyar komawa gida daga wani baje kolin zane-zane a Legas. Bai cika shekara 49 ba. Har yanzu masu zane a arewacin Najeriya suna tunawa da shi saboda yadda ya riƙa gwada kayan aiki ta hanyar da ba a saba gani ba.

An haife shi a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Ghana. Iyayensa Yarbawa ne ƴan asalin Offa, a jihar Kwara ta yau. Ya yi aikin akawu kafin ya shiga jami'ar Zariya, inda ya kammala digirin farko a 1975, na biyu kuma a 1979. A can ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Sashen da ya shiga yana da tarihi. Tun a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a yi ta kwaikwayon Turawa ido rufe. Gani ya ɗora daga nan, amma shi hankalinsa ya fi karkata ga kayan aikin kansu.

Fentin mai, wanda masu zane ke shafawa da burushi, kauri gare shi. Shi kuwa sai ya tsinka shi har ya koma ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya gangara inda ya ga dama. Daga nan yake duban abin da ya fito, ya gyara nan, ya bar can, har siffa ta bayyana. A ganinsa, aikin zane haɗin gwiwa ne tsakanin abin da ya faru bisa tsautsayi da abin da mutum ya tsara.

Ya kuma riƙi gawayi da muhimmanci. Da shi ya yi jerin zane-zanen sarki da sarauniya, waɗanda ba hoton wani basarake ba ne, hannunka mai sanda ne ga masu mulki. Zamanin soja ne, kuma Janar Ibrahim Babangida ya riƙe Najeriya daga 1985 zuwa 1993. Ɗaya daga cikin ayyukansa ya nuna sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Mai kallo ba ya buƙatar a faɗa masa da wa ake.

A 1991 ya zana Mona Lisa, shahararren hoton nan na Leonardo da Vinci da ke birnin Paris, tana sassaƙa wani mutum-mutumi na Afirka, shi kuma yana zana ta. Tambayar da zanen ke yi ita ce: tsakanin Turai da Afirka, wa ke ƙera fuskar wa?

Bayan rasuwarsa, a 2000, an baje ayyukansa da na waɗanda suka koya a wajensa a Jami'ar Landan. Jerry Buhari na cikin masu zanen Zariya da suka ci gaba da aiki da tsinkakken fenti.

Gawayin da ya ɗaukaka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Daga Zariya har Tawa da garuruwan Adar irin su Takanamat, da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro almajirai ke haɗa tawadar allo. Matashin da ke son zane amma ba shi da kuɗin fenti, kayan farawa na nan a bakin murhu.