Alan MacDiarmid: Masanin da ya sa roba ta ɗauki lantarki

An haifi Alan MacDiarmid ranar 14 ga watan Afrilun 1927 a garin Masterton na ƙasar New Zealand, a gidan da ba shi da wadata.

Yana ɗan shekara 16 ya bar makarantar sakandare, ya kama aikin wanke kwalabe da shara a sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar Victoria da ke Wellington. A nan ya riƙa aiki yana karatu har ya sami digiri. Daga bisani ya yi digirin digirgir har sau biyu, a Wisconsin ta Amurka da Cambridge ta Ingila, sannan ya zauna a jami'ar Pennsylvania daga 1955.

A wancan zamani kowa ya yarda cewa roba ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ma ake naɗe wayoyi da ita.

A 1975, yayin wata ziyara a Tokyo, ya haɗu da Hideki Shirakawa, wanda ya nuna masa wata leda mai ƙyalli kamar azurfa. Kuskure ne ya haifar da ita: an zuba sinadarin da ke hanzarta haɗi fiye da ƙima, har ninki dubu. MacDiarmid bai yi wata-wata ba, ya gayyace shi Amurka.

A 1977 su biyun tare da Alan Heeger suka turara ledar da tururin aidin, sai ƙarfinta na ɗaukar lantarki ya ninka sau miliyoyi. Dalili kuwa shi ne aidin na fizge wasu elektron daga doguwar sarƙar sinadarin, ya bar gurabe, sauran kuma su sami hanyar gudu.

Wannan musayar ce ginshiƙin farantan sola na roba. A 1992 ayarin Heeger ya nuna cewa idan haske ya bugi irin wannan roba, nan take elektron ke tsallakawa zuwa wani sinadarin kabon da aka gauraya da ita, kuma da wannan tsallake ake samun wuta. Abin da zai ba mutanen Riruwai ta jihar Kano sha'awa shi ne, kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a duwatsunsu, tana cikin siririn shafen da ake yi wa fuskar yawancin farantan domin kwashe wutar.

Sai dai har yanzu farantan silikon ne suka mamaye kasuwa, saboda na roba ba su kai su ƙarko ba, duk da rashin nauyinsu.

An bai wa mutanen uku lambar yabo ta Nobel a 2000.

MacDiarmid ya rasu ranar 7 ga watan Fabrairun 2007 yana da shekara 79, bayan ya faɗo daga matakalar bene a gidansa da ke kusa da Philadelphia, yana shirin tafiya New Zealand.