Sardauna Ahmadu Bello da dokar da ta umarci alƙali ya binciki hankalin mai laifi

Idan faɗa ya kaure tsakanin mutum biyu a Ƙofar Wambai cikin birnin Bauchi har rai ya salwanta, Babbar Kotun jiha ba ta tsayawa ga gano wanda ya kai sara. Wajibi ne ta binciki niyyarsa, da lafiyar hankalinsa a lokacin, da kuma ko an tunzura shi har ya kasa mallakar kansa. Waɗannan tambayoyi, da a yau ake neman amsarsu wajen likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam, sun shiga dokar laifuffuka ta bai-ɗaya ta Arewa ne a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, mutumin da shi kansa ya taɓa tsayawa gaban shari'a a matsayin wanda ake tuhuma.

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kuma jika ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatun allo a gida, ya shiga makarantar lardi ta Sakkwato, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya kammala a 1931. Ya koyar a Midil ta Sakkwato har zuwa 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Rabah. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, ya nemi gadon sarautar, amma aka naɗa Abubakar na Uku. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato.

A Gusau ne jarrabawa ta same shi. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta a Zariya, aka wanke shi. Wannan shari'a ta ɗaga sunansa a wajen 'yan bokon Arewa, kuma ta nuna masa da idonsa yadda makomar mutum take rataye a kan wace kotu ce ta saurare shi, da wace ƙa'ida ta bi wajen auna shaida.

Daga nan tauraronsa ya ci gaba da haskawa. Ya je Ingila karatun mulkin ƙananan hukumomi a 1948, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1949, ya zama jagoran Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, sannan a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa na farko. Daga cikin matsalolin da ya tarar a kan teburinsa, kaɗan ne suka kai ta shari'ar laifuffuka sarƙaƙiya.

A wancan lokaci doka biyu ce ke aiki a ƙasa ɗaya. Kotunan sarakuna da na alƙalai suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, kotunan Turawa kuma suna bin dokar laifuffuka da aka gina bisa tsarin Ingila. Fiƙihu ya daɗe da sanin matsayin hankali a shari'a: ba a yi wa mahaukaci ko yaro ƙisasi, kuma an hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Sai dai a Malikiyya kisa ko dai na ganganci ne ko na kuskure, kuma a na ganganci magana tana hannun magadan mamaci, su nemi ƙisasi ko su yafe. Idan sun yafe, akan yi wa mai kisan bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Dokar Turawa kuwa ta ware wani mataki a tsakani, na mutumin da aka tsokane shi tsokana mai tsanani ya yi kisa nan take, kafin zuciyarsa ta huce, kuma ba ta yanke wa irin wannan hukuncin kisa.

Bambancin ya fito fili a shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar Gargajiya ta Gwandu a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya kashe wani mutum a kan batun matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa akwai tsokana a lamarin, kuma a ƙarƙashin rubutacciyar doka laifin bai kai na kisa ba. Sarakuna da malamai suka ɗauki hukuncin a matsayin katsalandan cikin shari'ar Musulunci. Aka shiga gyare-gyaren doka shekara da shekaru ba tare da an warware ƙullin ba, har ta kai mutum biyu masu laifi iri ɗaya, ɗaya a rataye shi, ɗaya ya sha ɗauri, gwargwadon kotun da aka kai kowannensu. Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta ji irin wannan fargaba daga bakin waɗanda ba Musulmi ba.

Sardauna ya san cewa Arewa ba za ta karɓi mulkin kai da wannan ruɗani ba, kuma ya san cewa duk gyaran da aka ƙaƙaba wa sarakuna da malamai da ƙarfi ba zai yi ƙarko ba. Saboda haka a 1958 gwamnatinsa ta aika wakilai zuwa Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka tsara dokokinsu na laifuffuka. A shekarar kuma ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Cikin mambobinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa. Kwamitin ya ba da shawarar a yi doka guda ta laifuffuka ga kowa da kowa, bisa samfurin ta Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga dokar Indiya ta 1860. Kafin a kai daftarin majalisa, sai da malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka bi shi sashe-sashe. Majalisa ta amince da dokar a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin samun 'yancin kan Nijeriya. Ita ce wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Final Kot.

Wanda ya karanta dokar zai ga yadda ta ɗora nauyin laifi a kan abin da ke cikin zuciya. Sashe na 50 ya ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, haka kuma daga wanda ke tsakanin 7 da 12 idan hankalinsa bai nuna har ya gane abin da ya aikata da sakamakonsa ba. Sashe na 51 ya ɗauke shi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin aikinsa, ko sanin cewa aikin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Tushen wannan ƙa'ida yana komawa ga shari'ar Daniel M'Naghten a Ingila a 1843, wanda ya harbe sakataren Firaminista Robert Peel aka kuma sallame shi daga laifin kisa saboda taɓin hankali. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe da niyya, amma sashe na 222 ya cire wanda tsokana mai tsanani, ta ba-zata, ta raba shi da ikon mallakar kansa. Dokar bin tsarin shari'ar laifuffuka da ta zo tare da ita ta umarci kotu ta dakatar da shari'a, ta sa likita ya duba wanda ake tuhuma, idan akwai alamar ba zai iya kare kansa ba saboda rashin lafiyar hankali.

Rubuta doka ya fi aiwatar da ita sauƙi. Gwamnatin Sardauna ta riƙa tura alƙalai kwas a Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a don al'amuran aure da gado da makamantansu, inda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. A shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta yaye lauyoyi da alƙalan Arewa masu yawa. Duk da haka gyaran bai tsira daga suka ba. Wasu malamai sun ɗauke shi a matsayin rage wa shari'ar Musulunci iko, kuma wannan muhawara ce ta sake tasowa lokacin da jihohi 12, ciki har da Bauchi, suka dawo da dokokin laifuffuka na Shari'a daga shekarar 2000. 'Yan adawar NEPU kuma sun yi ta kokawa cewa ana amfani da kotunan gargajiya wajen muzguna musu.

Sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu sun kashe Sardauna a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, tare da uwargidansa Hafsatu, a daren da aka kama Firaminista Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke Bauchi. Aikin da ya fara a fannin hankali da shari'a bai kammalu ba a rayuwarsa. Dokar masu taɓin hankali ta 1958, wadda ta ba da damar tsare marasa lafiya a gidan yari ko da ba su yi laifi ba, ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. A yau akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma daga irinsu ne kotunan Arewa ke neman rahoton likita idan an yi shakkar lafiyar hankalin wanda ake tuhuma.